Furojet Ɗinka Ba Ya Buƙatar Raspberry Pi

'Yan uwa ɗalibai, musamman 'yan ajin ƙarshe a sashen lantarki da na kwamfuta, wata al'ada ta shigo mana. Da an ce furojet, sai kowa ya nufi Raspberry Pi, ko da aikin bai wuce kashe famfon bohol ba idan tanki ya cika. Kwamfuta guda mai RAM na gigabait, don a danna makunni ɗaya! Haba.

Ka zaga GRA nan Katsina ka gani. Mitar kati ta KEDCO, inbata ta sola, ƙofar gida mai buɗe kanta, duk ƙananan cif ne ke tuƙa su. Wanda ya ƙera su lissafin kowane kilobait yake yi, domin RAM kuɗi ne, kuma batir yake sha.

Arduino Uno da muke wasa da shi a lab, RAM ɗinsa kilobait 2 ne kacal. STM32 ɗin da ake ce wa Blue Pill yana da 20, ESP32 kuma 520. A irin wannan ɗan wuri ake zaunar da kanel, wato zuciyar manhajar da ke raba wa ayyuka lokaci da ma'adana. FreeRTOS, wanda Richard Barry ya fitar a 2003, kanel ɗinsa bai wuce 'yan kilobait ba. Su ma masu Linux sun kawo tinyconfig a 2014: ka fara da mafi ƙanƙantar kanel, sannan ka ƙara abin da na'urarka ke buƙata kawai. Ba ka da allo ko Bluetooth? To direbansu bai da wurin zama.

Wani zai ce ai babban allo ya fi sauƙi, ga lokaci ya ƙure. Gaskiya ne. Amma da dala ake shigo da kayan nan, kuma babu manomin da zai sayi na'urar ban ruwa da ta fi ƙarfin aljihunsa. Sai furojet ya ƙare a kabad yana shan ƙura.

Don haka ina roƙon malamanmu, ranar difens a riƙa tambayar kowa: RAM nawa ka ci? Awa nawa batir zai kai in an ɗauke wuta? A ba da maki a kan amsar. Mu kuma, kafin mu matsa wa iyaye su turo kuɗin kaya, mu buɗe takardar bayanin cif mu yi lissafi. Daidai ruwa, daidai kurji.