Bakin Uwa Ya Fi Muciya Zafi

Yau maganarmu kan 'yar talla ce, wadda in kuɗin ƙosai ba su cika ba, sai uwa ta hau ta da muciya da zagi. Ciwon muciya yakan warke, na zagi kuwa a zuci yake kwana. Tsoro ya koya wa yarinya ƙarya, ya jawo fitsarin kwance, a aji ta kasa buɗe baki. In ta girma, sau da yawa haka za ta yi wa 'ya'yanta. Dokar haƙƙin yara ta 2003 ma ta hana azabtar da yaro. To, in ranki ya ɓaci, ajiye muciya, ki huce, sa'an nan ki tambaye ta dalili. Sai mako mai zuwa.