Daga bakin Komadugu: Kantu da Issaka Issaka, da wace tiya za a auna su?

Akwai wata gardama da ba ta tsufa a garin Difa. Da zarar hunturu ya kama, tattasai ya fara ja a gonakin bakin Komadugu, sai ta farka daga barci. Ana jin ta a rumfunan kasuwa, ana jin ta a tashar mota, ana jin ta a biro-biro na gwamnati idan aiki ya lafa. Tambayar ɗaya ce: tsakanin ƴan kokowar da da na yanzu, su wa suka fi? Dattijo ya ce tun da Kantu ya bar fage ba a sake yin namiji ba. Saurayi ya ɗaga yatsu shida, ya ce Issaka Issaka, ya juya ya ci gaba da hura wutar shayinsa, don a ganinsa magana ta ƙare.

Mutanen Difa suna da bakin shiga wannan gardama, ko da yake ba a saba lissafa jaharsu cikin manyan gidajen kokowa irin Maraɗi da Tawa da Damagaram da Doso ba. A fagen Difa ne Yakuba Adamu na Yamai ya ɗauki takobi a 2014. A nan ne kuma aka buɗe gasa ta 43 a watan Disamba na 2022, inda Kadri Abdu, wanda duniya ta sani da Issaka Issaka na Doso, ya ɗauki takobinsa na biyar. Wanda ya san halin da jahar ta shiga tun harin Boko Haram a kan Difa da Boso a watan Fabrairu na 2015, da dokar ta-ɓaci, da hana hawan babur, da takunkumin da aka ɗora wa cinikin tattasai da kifi, ya san cewa cikar fagen nan da jama'a ya wuce zancen wasa. Shekara ta zagayo, a Disamba na 2023, Issaka ya ƙara na shida a Agadas, uku ke nan a jere.

To, shida ta fi uku, wannan ko yaron lakkwal ya sani. Amma ɗan kasuwar Difa shi ne mutum na ƙarshe da ya kamata lissafi irin wannan ya ruɗe shi. Shi da ke sayar da buhun tattasai da naira ya san a 1980 naira ɗaya ta fi dalar Amurka daraja. Ma'aikacin gwamnati kuma bai manta da watan Janairu na 1994 ba, lokacin da aka wayi gari sefa ta zubar da rabin darajarta, albashi yana nan yadda yake a takarda, amma a kasuwa ya zama wani abu dabam. Ba mai hankalin da zai ce buhun bana ya fi na zamanin mahaifinsa albarka don kawai kuɗin da aka rubuta a kansa ya fi yawa. Sai an tambaya: kuɗin wane zamani? Takobi ma haka yake. Kafin a ƙirga shi, sai an san abin da aka biya aka same shi.

An fara gasar ƙasa a Tawa a 1975, shekara guda bayan Seyni Kunce ya karɓi mulki, ƙasa kuma ba ta gama farfaɗowa daga farin 1973 da 1974 ba. Yakuba Ango, wato Kantu na Maraɗi, shi ya ɗauki takobin farko. A shekarun da suka biyo baya takobin ya yi ta kai da komowa tsakaninsa da Salma Ɗan Rani na Doso da Kadade na Tawa, kafin Damagaram ta shigo da su Langa-Langa. Waɗannan mutane ba gasa ce ta haife su ba. Sun riga sun yi suna a dandalin ƙauyuka, inda ake kokowa bayan kaka, gari ya tashi ya tafi wa gari da makaɗa da maroƙa. Manoma ne, ƙarfinsu na fartanya ne da fura. Gwamnati ta zo ta tarar da su, ta tattara su wuri ɗaya, ta sa kokowa ta zama igiyar ɗaure ƙasa, kamar yadda ta yi da samariya. A lokacin jahohi bakwai ne. Sai daga baya aka fitar da Tilaberi, Yamai ta tsaya da kanta, suka zama takwas, kowace da ƴan kokowa goma, jimla 80.

Ga abin da dattawa ke riƙe da shi, kuma ba a banza ba. Suna cewa a da ana shiga fage ne don a kayar, ba don a tsira ba. Mutum biyu su haɗu, ƙura ta tashi, kafin ka gyara zama ɗaya yana ƙasa. Yanzu kuwa, in ji su, sai ka ga ƙarti biyu sun sunkuya suna taɓa hannun juna minti bayan minti, kowa na jiran alƙali ya ba abokin karawarsa gargaɗi. Duk wanda ya zauna a fagen Difa a 2022 ya ga irin wannan karo, ya kuma ji tsakin ƴan kallo. Sai dai ya kamata a tambayi dalili. Tsarin gasar bai yafe kuskure: wanda ya sha kaye sau ɗaya ya fita daga neman takobi, ko da zai ci gaba da karawa don jaharsa. A gefe guda kuma kyauta ta girma. Ban da takobi da doki da rawani, yau akwai miliyoyin sefa da alherin ƴan kasuwa da na manyan gwamnati. Mutumin da ke ganin gida da jari da makomar iyalinsa sun rataya a kan taɗiya ɗaya ba zai afka wa abokin karawa ido rufe ba. Ba tsoro ne ya shigo fage ba, kuɗi ne, kuma ɗan kasuwa ya san yadda hannu ke nauyi idan jarin da ke kan tebur ya yi yawa.

Abin da dattawa ba su cika son ji ba shi ne wannan. A 1975 talabijin bai shiga gidajen jama'a ba. Ɗan kokowar Maine Sorowa ko na Ngigmi zai iya isa fagen ƙasa bai taɓa ganin Kantu da idonsa ba, sai dai labarinsa a Muryar Sahel da bakin matafiya. Ya shiga fage da kwarjinin sunan a zuciyarsa, bai san ta inda kamun zai zo ba. Gwani a wancan zamani yana iya cin shekaru da dabara ɗaya ko biyu, ba wanda ya gano maganinsu. Yau kuwa kowane kamu na Issaka Issaka yana cikin salular yaran gari. Masu horarwa na jahohi bakwai suna zaune suna maimaita hoton, suna duba ƙafar da yake fara jefawa da yadda yake karɓar mai kai masa hari ta ƙasa. A kan haka ya ɗauki takobi sau shida, a fagen da ba a raba nauyi, inda mai kilo 80 zai iya faɗawa hannun mai kilo 120. Wanda duk ya ce wannan sa'a ce ko aikin layu, bai yi wa gaskiya adalci ba. Layu dai kowa na ɗaure da su tun zamanin Kantu, kuma ba a taɓa jin malamin da ya ɗauki takobi ba.

Amma saurayin mai yatsu shida shi ma sai ya sassauta. Yawan takubba ba ƙarfin mutum kaɗai yake nunawa ba, yana nuna irin mutanen da Allah ya haɗa shi da su. Kantu da Salma da Kadade sun taso lokaci ɗaya, kowane takobin da ɗaya ya ɗauka daga bakin ɗan'uwansa ya fizge shi. Da ɗayansu ya zo shi kaɗai a zamaninsa, lissafin da ake yi yau da ya canza. Bala Haruna na Damagaram, mai takobi uku, shi ma bai samu fage ba kowa ba. Haka zamanin su Haruna Abdu na Tawa da Umaru Bindigau na Maraɗi da Laminu Maidaba na Agadas, inda takobi ya ƙi zama gida ɗaya. Idan gwanaye sun yi yawa, rabon kowa ya ragu, kamar shekarar da tattasai ya yi kyau ko'ina, kowa da kaya, ba mai cika aljihu.

Akwai kuma wani lissafi da ba a cika yi ba. Daga 1975 zuwa 2022 shekaru 48 ne, amma gasa 43 aka yi. Ke nan aƙalla shekaru biyar sun wuce ba a buga gangar takobi ba. Ga mai kallo wannan ba kome ba ne, zai jira baɗi. Ga ɗan kokowa kuwa, wanda ganiyarsa ba ta daɗewa, shekarar da aka tsallake tana iya zama ita ce shekararsa. Ba a rubuta sunan kowa a kan takobin da ba a fitar ba.

Wannan ciwon kai ba na Nijar kaɗai ba ne. A Amurka an taɓa ɗaukar gardamar da zafi har aka kai ta gaban na'ura. A 1969 aka zuba wa kwamfuta bayanan Muhammad Ali da na Rocky Marciano, ɗan damben da ya yi ritaya a 1956 bayan karo 49 ba a taɓa doke shi ba. Aka ɗauki hoton su biyun suna kwaikwayon dambe, aka nuna fim ɗin a watan Janairu na 1970, na'ura ta ba Marciano nasara a turmi na 13. Ba wanda ya canza ra'ayinsa saboda haka. Masoyan Ali sun ce na'urar ce ke da son kai, gardama ta koma inda take. Su da ke da hoton kowane karo da awon kowane naushi ke nan.

In dai sai an yanke hukunci, to ga inda ma'auni ya karkata. A riƙon takobi da daɗewa a saman fage, Issaka Issaka ba shi da na biyu a tarihin gasar, kuma komawar takobin hannun Abba Ibrahim na Yamai a gasar Doso ta Disamba 2024 ba ta goge ko ɗaya daga cikin shidan ba. A kafa harsashi kuwa, da sa talakan Nijar tun daga Ayoru har Ngigmi ya kasa kunne ga abu ɗaya a rana ɗaya, wannan na su Kantu ne, ba mai karɓe musu. Shi ya sa fagen Maraɗi ke ɗauke da sunan Kantu, na Doso da sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram da sunan Langa-Langa. Tambayar wa zai kayar da wa da an haɗa su, ita ce marar amsa, domin Kantu da za a kawo yau sai ya ci abincin yau, ya yi horon yau, ya kalli salular yau, kuma daga nan ya tashi daga Kantun da dattawa suka sani.

Abin da ya fi gardamar muhimmanci shi ne hujjojinta suna ƙarewa. Zamanin farko yana zaune ne a ƙwaƙwalwar waɗanda suka gani da ido, da cikin kirarin maroƙa da waƙoƙin su Sagalo. Maroƙi kuwa aikinsa yabo ne, ba tarihi ba, ba ya ƙirga ranar da gwaninsa ya faɗi. Wanda yake da shekara 20 a gasar Tawa ta 1975 yau ya kai 70. Ya kamata ma'aikatar wasanni da hukumar kokowa ta ƙasa su fitar da littafi guda mai ɗauke da kowace gasa, garin da aka yi ta, waɗanda suka kara, da yadda aka yi kaye, su kuma tono abin da ke ajiye a rumbun rediyo da talabijin na ƙasa su juye shi kafin zafi da ƙura su gama da shi. Gidajen rediyon Difa ma suna da nasu rabon aikin: tsofaffin ƴan kokowar da suka wakilci jahar suna nan a ƙauyukan Manga da bakin kogi, waɗansunsu sun riƙe ƙugun manyan nan da hannunsu, sun san nauyinsu fiye da kowane mai gardama a kasuwa. Kuɗin man mota da na'urar ɗaukar murya kawai ake bukata, abin da attajiri ɗaya na kasuwar tattasai zai iya ɗauka bai ji a jikinsa ba.

Gasar tana zagaya jahohi takwas ne bi da bi. Difa ta karɓi ta 35 a 2014, ta karɓi ta 43 a 2022. Idan zagayen bai karye ba, ta 51 ce za ta dawo bakin Komadugu, wajejen 2030. Goman da za su tsaya wa jahar a ranar, yawancinsu yanzu samari ne da ke ban ruwa a gonakin tattasai ko kiwo a dajin Gudumariya, kuma shekarun da suka rage su ne daidai lokacin da ake bukata a nemo su, a ciyar da su, a horar da su.