Birtaniya: Me zai rage idan jiragen dizal suka kau?

A watan Agustan 2025, mutane kimanin 40,000 suka yi tururuwa zuwa masana'antar ƙera jiragen ƙasa ta kamfanin Alstom da ke birnin Derby na Ingila, domin kallon tsofaffi da sababbin jirage fiye da 140 da aka tara wuri guda. Taron wani ɓangare ne na bikin cika shekaru 200 da buɗe layin dogon Stockton zuwa Darlington a 1825.

Ga dattawa da dama a Birtaniya, irin wannan taro na tuna musu da ƙuruciya, lokacin da sukan wuni a bakin tasha riƙe da ɗan littafi da alƙalami, suna jiran wucewar wani kan jirgi da ba kasafai ake ganinsa ba.

Sai dai bikin ya zo ne a daidai lokacin da ƙasar ke shirin rabuwa da man dizal a harkar jiragen ƙasa, abin da ya sa ake tambayar wa zai adana wannan babi na tarihi.

Yadda al'adar ta samo asali

Farautar lambobin jirage ta bunƙasa ne daga 1942, lokacin da wani matashin ma'aikacin kamfanin jiragen ƙasa na Southern, Ian Allan, ya wallafa ɗan littafi mai ɗauke da lambobin kawunan jiragen kamfanin. Duk lambar da yaro ya gani da idonsa, sai ya ja mata layi. Wanda ya fi cika shafukansa shi ne gwani a cikin tsara.

A wancan zamani kusan duk kawunan jiragen da kwal da tururi suke aiki. Amma a 1955 hukumomi suka fito da shirin zamanantar da harkar, kuma a watan Agustan 1968 aka daina amfani da tururi a manyan layukan ƙasar.

Da farko yawancin masu wannan sha'awa sun ƙyamaci kawunan dizal, saboda su ne suka kori abin da suke ƙauna. Amma gaggawar da aka yi wajen sauyin ta sa aka sayo samfura iri-iri daga kamfanoni daban-daban, wasu 'yan ƙalilan aka ƙera, wasu kuma ba su yi shekara goma suna aiki ba aka jingine su. Wannan ƙaranci shi ya mayar da su abin nema.

Waɗanda aka fi tunawa

Babu wanda ya shiga zukata kamar samfurin Deltic. Guda 22 kacal kamfanin English Electric ya ƙera a 1961 da 1962, domin su maye gurbin kawunan tururi 55 a layin da ya tashi daga tashar King's Cross ta London zuwa Edinburgh.

Kowannensu na ɗauke da injuna biyu na kamfanin Napier, waɗanda asali don jiragen ruwan soja aka tsara su, yana da ƙarfin doki 3,300, yana kuma gudun mil 100 a sa'a. An raɗa wa wasu sunayen dawakan sukuwa, wasu kuma na rundunonin soja. Abin da waɗanda suka shaida zamanin suka fi ambata shi ne rugugin injin, wanda akan gane tun jirgin bai bayyana ba.

Wanda ya fi Deltic wuyar gani shi ne Kestrel, mai ƙarfin doki 4,000, wanda kamfanin Brush ya ƙera a 1967. Shi kaɗai ne irinsa. Hukumar jiragen ƙasa ta gwada shi amma ba ta saya ba, aka sayar wa Tarayyar Sobiyet a 1971, kuma bai sake dawowa ba. Abin da ya rage wa 'yan Birtaniya a kansa shi ne hotuna da layin da wasu suka ja a littattafansu.

Abin da aka ceto da wanda ya salwanta

Muhimmancin waɗannan mutane ya fito fili ne idan aka kwatanta makomar kawunan jirage biyu.

Na farko shi ne mai lamba 10000, wanda aka ƙera a Derby a 1947, kan jirgin dizal na farko da ya yi aiki a manyan layukan Birtaniya. A 1968 aka yanka shi aka sayar da ƙarfen, a lokacin da hankalin masu adana tarihi ya karkata ga ceto kawunan tururi. Yanzu wata ƙungiyar 'yan sa-kai ce ke fafutukar sake haɗa irinsa daga sassan wasu jirage.

Deltic kuwa ya yi sa'a. Tun a 1977 masoyansa suka kafa ƙungiya suka fara tara kuɗi, shekaru kafin a sallame shi. Ranar 2 ga Janairun 1982 jama'a suka cika King's Cross domin yi masa bankwana, kuma daga cikin 22 ɗin an ceto shida. Uku na hannun ƙungiyar, wadda ke da mazauni a Barrow Hill kusa da Chesterfield.

A 2011 ma wani kamfanin dakon kaya ya ɗauki hayar ɗaya daga cikin shidan ya yi masa aiki a arewa maso gabashin Ingila, shekaru hamsin bayan ƙera shi.

Ƙalubalen da ke tafe

A watan Fabrairun 2018, ministan kula da jiragen ƙasa na lokacin, Jo Johnson, ya bayyana burin janye dukkan jiragen da ke dogara da dizal kaɗai kafin 2040, domin rage hayaƙin da ke gurɓata yanayi. Cika wannan buri ba abu ne mai sauƙi ba, ganin cewa fiye da rabin layukan dogon ƙasar ba su da lantarki.

Duk da haka sauyin ya kankama. Jiragen InterCity 125, waɗanda suka ƙwace aikin Deltic, su ma an janye su daga layin London zuwa Edinburgh a ƙarshen 2019.

Gidan adana tarihin jiragen ƙasa na York ba zai iya ɗaukar komai ba, don haka nauyin yakan faɗa ne kan ƙungiyoyin sa-kai. Su kuwa suna fama da tsadar gyara da ƙarancin kayan injunan da aka daɗe da daina ƙerawa. Yaron da ya ga Kestrel yana ɗan shekara goma sha biyu, yau ya kai saba'in ko ya kusa.

Akwai kuma matsalar sababbin jiragen kansu. Yawancinsu jerin taragu ne masu kama da juna, cike da na'urorin kwamfuta, waɗanda gyaransu ya fi ƙarfin makanikin ƙauye.

Darasin 1968 shi ne, abin da ake gani kullum ba a cika sanin darajarsa ba sai ya ɓace. Ko cincirindon Derby zai haifar da sababbin matasa masu ba da kuɗinsu da lokacinsu, wannan ne zai nuna yawan kawunan dizal da za su tsira bayan 2040.