Ilmin Taurari Ba Ɓata Lokaci Ba Ne

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, tun kaka da kakanni manoman Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi suke duban sama, suna lura da Kaza da 'Ya'yanta, malamai kuma suna lissafin taurarin damina. A yau ilmin nan ya yi nisa, kuma a ganina bai kamata a bar mu a baya ba.

Shi ma tauraro haihuwarsa ake yi, ya tsufa, ya mutu. Tsawon ran ranarmu wajen shekara biliyan 10 ne. Amma tauraron da ya ninka ta sau 20 a nauyi, shekara miliyan 10 kurum yake yi, domin da gaggawa yake cinye makamashinsa, sa'an nan ya fashe. Wane mahaluki zai zauna ya ga wannan da idonsa? Shi ya sa masana ke ba kwamfuta ƙa'idodin nauyi da zafi da matsi, ita kuwa ta lissafa rayuwar tauraro daki-daki. Akwai ma wata manhajar yin haka, MESA, wadda ake samu kyauta.

Lissafin ya fi wuya ga taurari biyu masu zagaya juna. A 2012 bincike ya nuna cewa wajen 7 cikin 10 na mafiya girman taurari suna da abokin zama kurkusa, har ɗaya ya riƙa zuƙe jikin ɗaya, ko kuwa su haɗe. A 2015 na'urar LIGO a Amurka ta gano girgizar karon baƙaƙen ramuka biyu, watau gawawwakin manyan taurari. Irin lissafin nan ke bayyana yadda suka samu.

Wani zai ce, mu da ke fama da rashin tsaro da tsadar hatsi, ina ruwanmu da taurari? Gaskiya ne, ciki da yunwa ba ya kallon sama. To, amma wanda ya iya sa kwamfuta ta bi rayuwar tauraro, zai iya koyon sa ta ta yi hasashen damina, kuma da irin wannan hanya NiMet ke gaya wa manoma lokacin saukar ruwa.

Abin baƙin ciki, ɗakin kwamfutarmu ba a cika buɗe shi ba sai jarrabawar JAMB ta ƙarato. Ina roƙon hukuma ta buɗe mana shi kowane mako, iyaye kuma su ƙarfafa mu a kan lissafi da kimiyya. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.