"Haka Muka Saba" Ba Hujja Ba Ce

A shagon babana akwai firiji da ƙaramin janareta. Kowane wata yakan ware kuɗin mai daidai da na watan baya, har a lokacin hunturu da ba mai neman ruwan sanyi. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce, "Haka muka saba." A ganina, irin wannan amsar ce ke cinye ribar ƙananan 'yan kasuwa.

Akwai tsarin da ake kira kasafin kuɗi daga sifiri. Maimakon a ɗauko lissafin bara a ɗora a kansa, sai a fara daga babu. Duk abin da za a kashe wa kuɗi sai an tambaya: mene ne amfaninsa, me zai faru idan aka daina? Wani Ba'amurke, Peter Pyhrr, ya ɓullo da tsarin a kamfanin Texas Instruments. Gwamnatin Najeriya ma ta gwada shi a kasafin 2016.

Wasu za su ce yana cin lokaci. Gaskiya ne, amma ko sau ɗaya a shekara ya wadatar. Ni da Baba dare ɗaya muka zauna da littafinsa. Yanzu ba ya kunna firijin sai zafi ya shigo, kuɗin man kuma ya koma sayen kaya.

'Yan uwana ɗalibai, mu ma kafin a sake karɓar kuɗin kulob, mu tambaya: me za a yi da kowace naira?