Ba Don Tuwo Kaɗai Aka Yi Ciki Ba

Hausawa kan ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Ashe maganar ta zarce batun riƙon asiri. A hanjin ɗan Adam akwai ƙwayoyin bakteriya waɗanda yawansu ya kai na ƙwayoyin jikinsa duka. Su ke narkar da dussar hatsin da ta gagari ciki, su samar da sinadaran da bangon hanji ke rayuwa da su. Hatta magani ba su ƙyale shi ba, domin wata mai suna Eggerthella lenta takan kashe ƙarfin digoxin, maganin ciwon zuciya.

Gwada dubban irinsu ɗaya bayan ɗaya aiki ne ja, saboda haka masana suka koma ga lissafi. Sukan karanta ƙwayoyin gadon kowace bakteriya, su jera abin da take ci da abin da take fitarwa, su mayar da shi lissafi bisa sharaɗin abin da ya shiga ya daidaita da abin da ya fita. Daga nan sai a gaya wa kwamfuta abincin mutum, ita kuwa ta yi kirdadon abin da zai wakana a hanjinsa. A 2017 ayarin Farfesa Ines Thiele a Jami'ar Luksambag ya fitar da kundin AGORA mai bakteriya iri 773. A 2023 aka kai shi 7,302, tare da bayanin yadda suke sarrafa magunguna 98.

To, a nan gizo ke saƙar. Kwamfuta ba ta san komai ba sai abin da aka ɗura mata. Wani bincike na 2022 ya nuna fiye da kashi 70 cikin 100 na samfuran bakteriyar jikin mutum da aka san asalinsu daga Turai, Amurka da Kanada suka fito. Alhali tun 2010 aka gano cewa bakteriyar hanjin yaran wani ƙauyen Burkina Faso, masu cin gero da dawa, ta sha bamban da ta yaran Italiya. Yaya za a auna mai shan fura da nono da mudun mai cin burodi?

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan fage na bukatar ɗalibin lissafi, da na kwamfuta, da na likitanci su daina kallon juna a kaikaice, su zauna tabarma guda. Ku kuma matasan ma'aikata da takardun kasafin bincike ke ratsa teburanku, ku dube su da idon basira. In ba mu auna cikinmu da kanmu ba, da awon wasu za a rubuta mana magani. In kunne ya ji, jiki ya tsira.