Masu tare gida ma sai an raine su tun suna yara

Da la'asar ta yi, filayen yashi na unguwar Lazaret a Yamai kan cika da yara, duwatsu biyu ne ragar, kowa na son a ce shi ne mai cin ƙwallo Moussa Maâzou. Da wuya a ji yaron da ya ce shi mai tsaron baya yake son zama. Manyan kulob-kulob na Yamai ma haka suke: kaka na ƙaratowa sai a shiga neman mai cin ƙwallo, a bar masu tare gida da masu raba ƙwallo ga sa'a.

Ga misali daga nesa: a Amurka akwai wasan da su ma suke kira ƙwallon ƙafa, alhali da hannu ake yinsa. Tun 1936 ƙungiyoyin gasar NFL ke taruwa duk shekara su zaɓi ɗaliban jami'a bi da bi, kuma wadda ta zo ƙarshe a gasar ita ke fara zaɓa. Dallas Cowboys ta kashe zaɓinta na farko sau uku a kan ƙartan layin gaba, mutum biyar ɗin da aikinsu ture abokan hamayya kawai, ba su cika taɓa ƙwallo ba: Tyron Smith a 2011, Travis Frederick a 2013, Zack Martin a 2014. 'Yan kallo sun yi gunaguni, musamman a kan Frederick. A kakar 2014 ɗin, mai gudu da ƙwallonsu DeMarco Murray ya bi hanyar da suka buɗe masa ya yi gudun yadi 1,845, ya fi kowa a gasar.

Nijar ba ta da irin wannan zaɓe, kuma ba ta buƙatarsa. Abin koyi yana nan kusa, a Abijan. ASEC Mimosas ta buɗe makarantar yara a 1994. Shekara biyar bayan haka, samarin makarantar, cikinsu har da Kolo Touré a baya da Didier Zokora, suka doke Espérance ta Tunis da ci 3 da 1 a babban kofin Afirka na Super Cup. Sun daɗe suna cin tuwo tare, kowa ya san inda ɗan'uwansa zai tsaya ko bai waiwaya ba. Kuɗi ba ya sayo wannan a wata ɗaya.

Yaran kuwa akwai su. A 2017 'yan ƙasa da shekara 17 na Mena, tawagar Nijar, sun je gasar duniya a Indiya, suka ci Koriya ta Arewa 1 da nema. A gasar Afirka ta 'yan wasan cikin gida (CHAN) da aka yi a Aljeriya, farkon 2023, 'yan wasan Nijar sun kai wasan kusa da na ƙarshe, sannan mai masauki ya zura musu biyar. Ranar aka ga inda bangon yake da tsaga.

Ga masu lissafi kuma: dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin ɗan wasa zuwa waje don kulob ɗin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23. Kulob ɗin da bai yi wa yaro rajista ba ko dala ba zai gani ba.

Shugabannin AS FAN, Sahel, AS GNN da Douanes su tura masu horarwa Lazaret da yamma. Su bar wanda ake yi wa tafi, su dubi dogon yaron da ya tsaya a baya yana ƙwace ƙwallo, su nemi iyayensa, su yi masa lasisi tare da sharaɗin ba zai bar makaranta ba.